Ƙwayar da Na Ba Yayana

Yayana ya girme ni da shekara shida. A shekarun farko na samun mulkin kai, duk wanda ya san Birnin Kudu ya san shi a bakin gayya. Idan za a yi huɗa a gonar wani, tun saura kwana uku ake aikowa gidanmu. Yana da wata garma mai nauyi da maƙeri ya ƙera masa shi kaɗai. Makaɗi na bin sa da gangar noma, shi kuwa in ya sunkuya ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen kunya. In an tashi shan fura a gindin ɗorawa, ƙwarya guda ake ware masa, ya shanye yana tsokanar waɗanda ya bari a baya.

Ni boko aka sa ni. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni koyarwa Gwaram, kuma tun daga lokacin Yaya ya bar kiran sunana, sai dai Malam, rabi girmamawa rabi tsiya.

A makarantar horon nan na san ƙwayar. 'Yar ƙarama ce, fara. Ɗalibai kan sha ta in jarrabawa ta matso don su kori barci. Ba a ɓoye ake sayar da ita ba. Masu tallan magani na yawo da ita a akwatin bayan keke, tare da maganin ciwon kai da na tsutsar ciki. Na sha sau uku ko huɗu, na ci jarrabawata, na manta da ita.

Shekarar da Baba ya rasu ruwa ya makara. Kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa ƙasa, samarin unguwa suka watse Kano leburancin gini, aiki ya taru a kan Yaya shi kaɗai. Wata ranar hutu na zo gida na tarar da shi a zaure yana matsa ƙugu.

"Malam, jikin nan ya fara yi mini gardama," in ji shi. "Gona kuwa ba ta san uzuri ba."

Ranar kasuwa na sayo guda goma a ƙunshin takarda. Na ce masa, "Yaya, ga wani maganin gajiya, irin na Turawa. Mu ma shi muka sha."

Ya juya ta a tafin hannu, ya yi murmushi. "Ilimi dai da daɗi."

A damanar nan ya yi aikin mutum uku. Tun safe har la'asar ba ya neman fura. Mutane suna ta yabo, ni ma ina jin daɗi a raina cewa karatuna ya amfani gidanmu.

Aka yi girbi, aka cika rumbu, amma Yaya bai daina ba. Guda ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Ya rame, idanunsa suka faɗa, kullum yana cizon haƙora kamar mai tauna abu. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma yi wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matarsa ta gaya wa Inna cewa tuwo ma sai ta yi da gaske yake kai loma biyu. Ni ina gani duk zuwan da na yi, na kuma san dalili, amma na yi shiru.

Da damina ta zagayo aka yi gayya a wata gona wajen Kiyako. Ban je ba, labari aka ba ni. Ana cikin huɗa Yaya ya tsaya cak, ya juya kan makaɗin da ya shekara goma yana yi masa kirari, ya ce zambo yake yi masa. Ya fizge gangar ya jefar. Kafin a riƙe shi ya yanke jiki ya faɗi.

A babban asibitin garinmu na same shi. Wani ma'aikaci, dattijo, ya ja ni gefe ya tambaye ni abin da yake sha. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai.

"Ba ƙarfi take ba mutum ba," ya ce. "Gajiyar tana nan, kunne kawai ƙwayar take toshe masa kada ya ji ta. In jiki ya saba kuma, ba a raba su da faɗa ko duka. Sai haƙuri, sai kuma a nisanta shi da inda ya saba samu."

A unguwa wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi a gona. Inna har ta fara neman rubutun sha. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, na durƙusa na gaya mata gaskiya. Ta ajiye rariyar.

"To," ta ce. "Tun da kai ka san hanyar da ta shigo, kai za ka tsaya a kai. Ka tafi da shi wurin Kawunku."

Kawu ƙanin Inna ne, yana da lambu a bakin kogi a Gwaram, kusa da makarantar da nake koyarwa. Makonnin farko sun yi wuya. Yaya ya yi ta barci kamar ba zai tashi ba, in ya tashi kuma ya zauna ya zuba wa bango ido. Sau biyu ya roƙe ni, yana hawaye, in samo masa ko rabi. Wata ranar kasuwa ya sulale ya samo da kansa. Na fusata, na ce duk wahalarmu ta tashi a banza. Kawu ya hana ni.

"Bar shi," ya ce. "Ni shekara nawa ina cewa gobe zan bar garin taba? Ga shi nan a aljihuna. Wanda ya faɗi sau ɗaya ba a cewa ba zai yi tafiya ba."

Washegari ya damƙa masa jigo, ya ce ya ba albasa ruwa, kwami goma kawai, in ya gama ya huta. Haka aka yi ta yi. In na tashi daga makaranta sai in wuce lambun, mu zauna mu uku a inuwar mangwaro, matar Kawu ta aiko da ɗanwake. Ban san wasu kwanaki da nake kewa kamar waɗannan ba, duk da nauyin da ke zuciyata a lokacin.

A nan ne wata rana na nemi gafararsa. Ya dube ni.

"Guda goma ka ba ni, Malam. Sauran da ƙafata na je na sayo." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka san abin da ya riƙe ni? Tsoro. Na ji ƙarfina yana raguwa, ban kuma san ko ni wane ne ba in ba ni ne a gaban gayya ba."

Rani biyu ya yi a Gwaram kafin ya koma gida. Ƙarfin da bai dawo ba, hannunsa na dama kuma ya riƙa ɗan rawa har ƙarshen rayuwarsa. Gayyar ma ba ta daɗe ba ta ja baya, shanun huɗa da 'yan ƙodago suka maye gurbinta. Ya sami fili a fadama ya kafa nasa lambun, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki.

Daga baya abubuwan sha suka ƙaru a gari, iri-iri, wasu ko sunansu ban sani ba. Iyaye kan kawo masa 'ya'yansu, tun da kowa ya san abin da ya taɓa samunsa kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ba ya yi musu wa'azi. Aiki kaɗan yake ba su, ya ci abinci tare da su, ya bar su su yi magana in sun ga dama. Wasu sun daina, wasu ba su daina ba. Ranar da ya rasu, cikin masu ɗaukar makara akwai magidanta biyu da ban sani ba. Sai bayan an dawo daga maƙabarta ɗayansu ya zo ya gaishe ni, ya ce wata bakwai ya taɓa yi a lambun Yaya.