Wa Ya Tsince Mata Lemonta?

Kakata Fanna ba ta taɓa kallon fim ba sai a shekarun da aka hana mu fita. Kafin nan, in ta ji yayana Modu yana zuba labarin gidan kallo, tsaki kawai take yi ta ci gaba da dakan gajijinta, saiwar da ake haɗa turare da ita. Da garin ya rikice, mai gidan kallon unguwarmu ta Lamisula a Maiduguri ya ji barazana ya sa kwaɗo, dokar hana fita kuma ta riƙa kora kowa gida tun rana ba ta faɗi ba. Sai fim ɗin ya biyo mu har tsakar gida, cikin wata 'yar dibidi mai allo a jikinta da Yaya Modu yake arowa wurin abokinsa, ya kai ta caji shagon mai janareta.

Sana'ar Kaka haɗa turaren wuta da humra ce. Tana da ɗan tebur a ƙofar gida da take jera kwalabenta da safe. Da magariba kuma ta hura gawayi a kasko, ta barbaɗa turare, mu zagaye ta a kan tabarma. A bakin wannan kaskon muka sha tatsuniyoyinta, wasu da Barbarci, wasu da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta neman yardar kowa. Ni a ɗakinta nake kwana, ban fi shekara goma sha ɗaya ba. A lokacin Baba ya fara zancen mu koma Kano, ita kuma duk sanda ya taso da maganar sai ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ban tsoraci ƙarar bindiga kamar yadda na tsoraci ranar da za a ce in shiga mota in bar ta ba.

Fim ɗin da ya haɗa Kaka da Yaya Modu faɗa irin mai fassarar nan ne, wanda murya ɗaya take yi wa kowa magana da Hausa. Akwai akta, ƙato mai bindigar da harsashinta ba ya ƙarewa, akwai bos mai tabo a fuska. Mun haukace a kansa. Wurin da ya fi tafiya da Yaya Modu shi ne ƙarshe, inda katafaren gini ya tarwatse da wuta a bayan aktan, shi kuwa yana takunsa ɗaiɗai, ko waiwaye bai yi ba. Kwanaki Yaya yana wannan tafiyar tsakanin rijiya da madafa, ƙirji a gaba, har ya taka bokitin wanki ya zube. Ya ce namiji ke nan, wanda ba ya waiwaye.

A kallo na biyu Kaka ta matso da tabarmarta. Tana kallo har aka zo inda aktan yake bin bos a mota ta cikin wata kasuwa. Motar ta kwashi teburin wata mata mai sayar da lemo, lemo ya watse a titi, matar ta ɗora hannu a ka, aka wuce.

"Tsaya! Kai angona, mayar da shi baya," in ji Kaka. Haka take kiran Yaya Modu don tsokana.

"Haba Kaka, yanzu fa za a kama bos!"

"Bos ɗin gidanku. Na ce mayar."

Ya mayar yana ƙunƙuni. Ta kawo fuskarta dab da allon, ta kalli matar da kyau.

"To ina ta shiga? Wa ya tsince mata lemonta?"

Muka fashe da dariya. Yaya ya ce ai ita ba 'yar fim ɗin ba ce, an sa ta ne kawai don a buge teburin. Kaka ta ce, "An sa ta don a buge ta? To wannan ƙaton naku ba shi da tarbiyya. Ya zo ceton gari ya take abincin mutane, ko sannu babu." Har fim ya ƙare jira take a koma kan mai lemo. Da ginin ya tashi da wuta Yaya ya buga tsalle, ita kuwa cewa ta yi, "Dole ba zai waiwaya ba mana. Wa ya bari a ciki?"

Ba a jima da wannan ba abin ya zo layinmu. Da la'asar ne. Mutanen da ba ma kiran sunansu da ƙarfi, sai dai mu ce yaran nan, suka buɗe wuta a bakin titi. Inna ta danne ni a ƙarƙashin gado. Ba kiɗa, ba mai fassara, sai ƙara da kukan yara, kuma na gane cewa harsashi ba ya tambayar waye akta. Da aka lafa muka leƙa. Masu gudu sun bi ta kan teburin Kaka, ƙafarsa ɗaya ta karye, kwalaben humra sun farfashe, layin gaba ɗaya yana ƙamshin amare haɗe da warin albarushi. Baba Kolo mai shayi, wanda yake ƙara mini madara in Inna ba ta gani, yana kwance a gefen bencinsa, an rufe shi da zanen wata maƙwabciya.

A ranar Baba ya yanke magana. Ya kulle shagonsa na Kasuwar Kwastam, ya samo mota, ya ce jibi da an buɗe hanya za mu kama hanyar Kano, har da Kaka. Ta tsince fasassun kwalabe ɗaya bayan ɗaya don kada su yanke yaran layi.

Magaribar da za mu kwana mu tafi, kaya duk an ɗaure, gida ya yi tsit. Inna ta ce a bar kasko yau, kada hayaƙi ya jawo ido. Kaka ta dube ta, ta hura gawayinta kamar kullum, ta ma ƙara turare fiye da na kullum. Yaya Modu bai ɗauko dibidi ba, tun ranar Baba Kolo bai sake taɓa ta ba. Baba yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da carbi.

"Ku matso," in ji Kaka. "Ga wata tatsuniya nan ta iso, ku ba ta wuri."

Ta ce a wani gari a bakin tafki an yi wani ƙato wanda ya tsani hayaƙin girki. Kullum da yamma sai ya shigo ya bi gida gida yana shure duwatsun murhu, yana kifar da tukwane. Sirrinsa kuwa shi ne, duk gidan da murhunsa ya yi sanyi, sai ƙaton ya ƙara tsawo. Mutane suka fara tashi, yana ta girma, har kansa ya wuce giginya. Aka kira wani jarumi daga nesa, mai mashi da maroƙa. Suka gwabza tun safe har yamma, suka farfasa tukwanen da ƙaton ma bai kai gare su ba. Jarumi ya soke shi a cinya, maroƙa suka ɗauki kirari, ya hau dokinsa ya tafi. Washegari ƙato ya dawo yana ɗingishi, ya ci gaba da aikinsa.

Akwai wata tsohuwa a ƙarshen gari. Duk sanda ya shure duwatsunta, da asuba sai ta mirgino su, ta jera, ta tona garwashin da ta binne a toka, ta ɗora tukunya. Ya shure, ta jera. Ya zage ta, ta ce masa ya matsa, inuwarsa tana hana ta ganin miya. Wata rana wata maƙwabciyarta da ba ta tashi ba ta leƙo da fasasshen kasko ta ce a sam mata wuta. Ta sam mata. Waccan ma ta sam wa wata. Waɗanda suka gudu suka hango hayaƙi daga tsallaken tafki, suka ce ashe akwai mutane, suka fara dawowa. Kowane murhu ya kama, sai ƙato ya ragu. Ya dawo tsawon ɗaki, ya dawo tsawon akuya, har ya koma bai fi ƙadangare ba, yara suna bin sa da tsinke.

Yaya Modu ya ce, "Shi ke nan? Ba a kashe shi ba?"

"Wa ya ce maka ana kashe irinsu? Yana nan a gindin katanga yana leƙen gidan da zai yi sanyi." Ta ja toka ta lulluɓe garwashin. "Na rufe ta a nan. Mai so gobe ya tona."

Baba ya taso ya durƙusa a gabanta. Ya kira ta yadda yake kiran ta tun yana yaro, da kalmar uwa ta Barbarci.

"Ya, don Allah. Na ji tatsuniyar, na kuma gane. Amma waɗannan ba ƙaton tatsuniya ba ne. Kin ga Kolo."

"Na gan shi. Ni na ba da turaren likkafaninsa." Ta ɗora hannu a kansa. "Bukar, ka kwashi yaranka ka kai su inda za su yi barci. Aikinka ke nan, kuma ban ce kai matsoraci ba ne. Ni nawa aikin yana nan. A garin nan aka yanke cibiyata. Yaran da na ga iyayensu suna rarrafe ba za su koya mini inda zan mutu ba."

Na rungume ta ina kuka na ce ni ma ba zan je ba. Ta ɓamɓare hannuna ta ce, "Ke ƙawata, kar ki ba ni kunya. Je ki yi karatu ki dawo. In ba wanda ya tafi, wa zai hango hayaƙin?" Na ji haushinta ranar, haushi sosai, na juya mata baya a shimfiɗa.

Da safe, muna loda kaya, sai ga ta tana jan teburinta zuwa ƙofar gida. Ta tokare karyayyiyar ƙafar da bulo, ta jera 'yan ƙullin turaren da suka tsira, ta ajiye kasko a gefe, ta tona garwashin jiya ta barbaɗa masa gajiji. Layin babu kowa, ƙofofi a rufe, bencin Baba Kolo a kife. Ta zauna ta gyara mayafinta kamar ranar kasuwa. Baba ya roƙe ta sau ɗaya, ta ce masa rana tana yi, hanya kuma da shingaye.

A cikin mota Yaya Modu ya murtuke fuska, ya kafe idonsa a gilashin gaba. Na san abin da yake gwadawa. Bai kai ƙarshen layi ba. Kafin mu sha kwana ya juya ya durƙusa a kan kujera, ya manna fuskarsa a gilashin baya. Na juya tare da shi. Kaka ta ƙanƙance daga nesa, amma hayaƙin yana tashi, kuma na ga Ya Bintu ta gidan da ke kallonmu ta buɗe ƙofarta ta fito da murfin kwano a hannu, ta nufi kaskon.

Mun daɗe a Kano, har da watannin da waya ba ta shiga Maiduguri, ba mu san ko tana raye ba. Baba ya rame. Ni kuwa na daina kallon fim, don duk sanda aka tarwatsa wani gini sai in ji ina son in tambayi su waye a ciki. Ranar da muka dawo, tun daga bakin layi ƙamshin ya tare mu. Tana nan a bayan teburinta, bulon yana nan a ƙarƙashinsa, wata mata ta ɗaga bencin Baba Kolo tana suyar ƙosai a wurin. Kaka ta dube mu ta yi mana sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, wushe. Kun yi baƙi. Ba sa ba ku abinci a Kanon ne?" Sannan ta ja ni jikinta ta riƙe, ta ƙi saki.

Ba zan yi ƙarya in ce turare ne ya kori masu bindiga ba. Mutane da yawa sun tsaya kamar yadda ta tsaya, ba su kai labari ba, kuma Baba ya yi daidai da ya fitar da mu. Abin da na sani shi ne, sun so garin ya yi sanyi, ya zama kango mai suna, wasu tsofaffi da masu shayi da masu ƙosai suka ƙi. Ba wanda ya yi fim a kansu. In ma an yi, a gefen allo za a sa su don mota ta bi ta kan teburinsu.

Yanzu na koma kallon fina-finan faɗa, da mijina da 'yata, kuma ina jin daɗinsu, ba na ɓoyewa. Sai dai in aka zo tseren mota ta cikin kasuwa, idona yana barin aktan ya tsaya a kan mai tebur. Kwanan baya na ji bakina ya ce, "Tsaya, mayar baya." Mijina ya yi dariya ya ce ai ita ba 'yar fim ɗin ba ce. Na ce masa garinmu kaf ita ce.

Kaka ta rasu da tsufa, a kan gadonta, a ɗakinta na Lamisula, bayan ta idar da sallar azahar. Ba wanda ya zaɓa mata wuri ko rana sai Allah. Teburin yana ƙofar gidanmu har yau, ni nake jera masa kwalabe in na taso daga aiki. Yaya Modu ya sha cewa zai kira kafinta ya sa masa sabuwar ƙafa. Na ce kada wanda ya taɓa mini bulon nan.