Direban Jirgin Da Yayana Ya Hana Mutuwa

Yayana mai aski ne, amma in ka shigo unguwarmu ka tambayi mai aski, sai a ce maka wanne. Ka ce Alƙali kake nema, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka ƙofar. Bai taɓa taka kotu ba, ko shaida ba a taɓa kiransa ba. Fina-finai yake yi wa shari'a, ba albashi ba hutu, tun zamanin kaset ɗin bidiyo har aka koma faifai.

Shagon ɗan tsukuku ne: kujerar aski ɗaya mai juyawa, benci biyu, madubi da ya tsage ta kusurwa, sai talabijin a kan katako can kusa da rufi. Talabijin ɗin a bayansa yake in yana aiki, don haka ta madubi yake kallo. Injin aski yana ƙugi a ƙeyarka, idon mai askin yana can wajen jarumin da ake bi a kan babur. Ni ƙaninsa ne ciki ɗaya, amma ban taɓa yarda ya taɓa kaina ana tsakiyar faɗa a fim ba. Na ga abin da ya sami girar wani malamin makaranta.

Hukunci biyu yake yanke wa duk abin da aka kawo masa. "Fim daban, faifai daban," in ji shi. "Yarinya kyakkyawa ma ana iya ɗinka mata mummunar riga, kuma ba laifinta ba ne." Ba ya fara kallo daga farko. Yana sa faifai sai ya yi ta turawa gaba har ya sami wurin da ake cikin duhu, don ya ce kowane faifai gwani ne da rana. In baƙin ya fito toka-toka, ko ya farfashe gida-gida, sai ka ji tsaki. Daga nan sai ya zuba wa bakin 'yan wasan ido, ya ga ko magana tana tafiya tare da leɓe. Na taɓa jin ya ce da wani mai sayar da faifai, "Ɗauke kayanka, malam. An mari mutum, sai da ya isa gida muka ji ƙarar." Waɗanda aka ɗauko a ɓoye a gidan silima kuwa, masu kawunan mutane suna giftawa da tarin wani bawan Allah a gefe, waɗannan ko magana ba ya ɓatawa a kansu. Zira su yake a igiya ya rataye a bakin ƙofa, su yi ta ƙyalli a rana kowa na gani.

Amma ranar da ya dace da faifai mai kyau, to, unguwa ta shiga uku. Sai ya ajiye injin aski ya leƙa waje yana kiran masu wucewa: "Ku zo ku ga baƙi! Baƙi na gaskiya! Ku zo ku ji yadda ƙofa take rufuwa!" Ya mayar baya, ya sake mayarwa, kan ƙarar ƙofa ɗaya tak, bakinsa har kunne. Ina yi masa dariya, amma gaskiya ina alfahari da shi. In ya ce "a kai gida," mutane da ido rufe suke kaiwa, don ba a taɓa kama shi da son kai ba. Fim ɗin da yake mutuwar so ma, in faifansa ya gaza, igiya yake zuwa.

Wuri ɗaya ne kawai maganarsa ba ta shiga. Akwai wani tsohon fim na direban jirgin ƙasa, wanda kusan kowane gida ya taɓa kallo a kaset. Burki ya tsinke wa direban ana gab da wata gada da ta karye, sai ya ɓalle taragun fasinja ya tsirar da su, shi kuma kan jirgin ya tafi da shi cikin kogi. Nan fim yake ƙarewa, mata su share hawaye a tashi. Yaya ya ce ƙarya ne. Shi a silima ya kalle shi, a babban bango, shekarar da ya yi aure, kuma bayan gada direban ya dawo. Matarsa tana tasha riƙe da lema, sai ga shi ya ɓullo a kan layin dogo yana ɗingishi, a jiƙe sharkaf, hannu a rataye a wuya, ta saki lemar ta ruga. Masu kwafar kaset ne, in ji shi, suka datse ƙarshen don zaren ba zai ɗauka ba, waɗanda suka zo da faifai kuma daga kaset suka kwasa.

Babban mai ƙaryata shi shi ne Mai Agogo, abokinsa tun suna samari, wanda teburin gyaran agogonsa yake jingine da bangon shagon.

"Alƙali, mutum ya faɗa kogi da kan jirgi, ka ce ya dawo? Kifi ne?"

"Na ce maka da idona na gani!"

"Wa ya gani bayan kai?"

"Uwargida. Tare muka shiga."

"Kai, shari'a ta lalace! Alƙali ya kawo matarsa shaida!"

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, mu kuma muna shan kallo kyauta. Sai wata rana Mai Agogo ya wuce gona da iri. A gaban cikakken benci ya ce wanda ke ƙara wa fim abin da babu, ta yaya za a yarda da shi a kan abin da ke akwai? Yaya ya kashe injin aski. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce duk ranar da aka sami cikakken fim ɗin, in direba bai dawo ba bayan ya faɗa kogi, shi da hannunsa zai sauke talabijin ɗin nan, kuma bakinsa ba zai sake yanke wa fim hukunci ba. Mun kuwa san shi, magana ɗaya yake yi.

Ni direban babbar mota ne, ba garin da ba na shiga. A wata tafiya mai nisa, ina jiran a gama sauke kaya, na shiga wani shagon faifai don in kashe lokaci. Sai ga direban jirgin nan yana kallona daga kan kanta, a cikin kwali mai kauri, a like da leda. Mai shagon ya ce sabon fitowa ne, daga ainihin fim ɗin silima aka ɗauko, aka wanke hoton, ba a cire ko ƙwayar zarra ba. Nan take na saya, na kira Yaya a waya.

"Cikakke?" ya ce. "Ka tabbata? Kada ka buɗe ledar! Kada ka ajiye shi kusa da inji, zafi zai lanƙwasa shi! Naɗe shi a riga!" Ina ji yana ƙwala wa Mai Agogo kira tun bai kashe wayar ba.

Rana ba ta ƙarya. Kafin in iso labari ya game unguwa. Da la'asar sakaliya shago ya cika maƙil: tela ya baro kekensa, mai gyaran taya ya zo da baƙin hannunsa, masu sayar da faifan da igiyar Yaya ta sha cinye wa kaya duk sun hallara, kowa da abin da yake fata a ransa. Aka rataya bargo a ƙofa don tare haske. Wani da aka aske wa rabin kai ya ce shi ba ya sauri, a bar shi haka. Yaya ya wanke hannu, ya yanke ledar da reza a hankali, ya riƙe faifan ta gefe-gefe ya ɗaga shi sama yana dubawa. Ranar kaɗai na ga ya karya dokarsa, ya fara daga farko.

Jama'a, ashe ba mu taɓa kallon fim ɗin nan ba! Rigar direban da muka sani ruwan ƙasa, ashe shuɗiya ce. Hayaƙin jirgin har kana ganin yadda yake murɗawa. Da aka busa usur, tela ya toshe kunne. Yaya ya kasa zama, yana ta zagaya kujerar aski yana nuni: "Ku dubi maɓallan rigarsa! Ku ji tsakuwa a ƙarƙashin takalmi! Mai Agogo, ka ga agogon tashar? Gaya mana ƙarfe nawa, ai yanzu ana gani!" Mai Agogo da kansa ya manta da gaba, baki buɗe yake kallo.

Aka zo tsakiyar fim, inda duwatsu suka gangaro suka tare jirgin a cikin hadari. A kaset, daga nan sai dai ka ga hoto ya yi tsalle, direba yana gida lafiya lau. A wannan faifan bai yi tsalle ba. Sai ga tasha, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai ga mace da lema.

"Ga ta nan!" Yaya ya daka tsalle ya dire. "Ga lemar! Ku dubi layin dogo, ku dubi can ƙarshe!"

Sai ga shi kuwa, yana ɗingishi, hannu a rataye, ruwa na zuba daga hularsa. Ta saki lemar ta ruga. Shago ya kaure da ihu. Mai gyaran taya ya rungume Yaya ya bar masa tambarin hannu biyu a farar riga, mai rabin kai ya hau kan benci yana tafi, ni kuwa sai da na share ido, ba zan ɓoye ba. Yadda ya yi ta ba mu labari shekara da shekaru, haka abin yake, har hannun da aka rataye bai kuskure ba. Mai Agogo ya miƙe ya cire hula ya ce, "Alƙali, na tuba."

Yaya ne ya fara komawa kallo. Muna ta murna, shi ido yana kan talabijin, don fim bai ƙare ba. Hannun direba ya warke, ya koma aiki. Aka yi ta tafiya har burki ya tsinke, ya ɓalle taragu, kan jirgin ya faɗa kogi, ruwa ya rufe. Sai kiɗa, sai sunayen 'yan wasa suna hawa sama. Yaya bai kashe ba sai da allon ya koma baƙi ƙirin.

"Ruwan sama ne," ya ce a hankali. "Ni na ɗauka na kogi ne."

Shi ya warware mana da kansa. A da, fim kashi-kashi yake zuwa silima, a naɗe, in ɗaya ya ƙare mai haskawa ya ɗora na gaba. Ranar da suka shiga, mutumin ya tsallake naɗi ɗaya ya ɗora na ƙarshe. Da ya ga jirgi a kogi ya gane ɓarnar da ya yi, kafin sunaye su fito sai ya yi wuf ya ɗora wanda ya tsallake, kada a farfasa masa kujeru. Masu kaset kuma wannan kashin suka datse, ba ƙarshen ba.

"To ai shi ke nan, an yi canjaras," in ji Mai Agogo da sauri. "Wurin yana nan, ba ka yi ƙarya ba. A bar talabijin a inda yake."

"Me na ce? Bayan kogi na ce, ko kafin kogi?"

"Haba Alƙali, wa yake bin wannan?"

"Ni. Faifai, a kai gida, ban taɓa ganin irinsa ba. Fim, direba ya mutu. Mai Agogo ya fi ni gaskiya." Ya juyo wajena. "Riƙe min benci."

Aka yi roƙon duniya, har masu faifan da suka zo ganin faɗuwarsa suka sa baki. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce masa taurin kai ne kawai. Bai kula ni ba. Ya hau ya zare waya, ya sauko da talabijin ɗin, ni na ɗauki na'urar faifan na bi shi a baya har gida, mai rabin kai yana tambayar wa zai ƙarasa masa.

Uwargida tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta dubi talabijin, ta dubi rigar mijinta.

"Lafiya? Ya dawo ko bai dawo ba?"

"Na ce a kawo miki ki gani da idonki," in ji Yaya. "Zauna."

Ya jona komai a ɗaki, ya zauna kusa da ita, rimot a hannu. Da aka zo wurin duwatsu sai na ga babban yatsansa ya motsa, fim ya tsallaka. Burki ya tsinke, jirgi ya faɗa kogi, Uwargida ta dafe ƙirji tana salati, ta cusa fuska a mayafi. Kafin ta ɗago ya sake dannawa, fim ya koma inda ya tsallake. Sai ga tasha, sai ga lema.

"Ga shi nan!" ta ce, tana dariya hawaye na zuba, tana dukan gwiwarsa. "Bawan Allah, ya sha ruwa! Wallahi haka muka gan shi. Sai su ce me yanzu?"

Na buɗe baki. Yaya ya ɗago ya dube ni ta saman kanta, na mayar na rufe.

"Mayar min baya," ta ce. "In sake ganin inda ya taho."