Mai Ƙaramin Tulu Ta Fara

Shekarun baya, a farin nan da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, maigidana, Allah ya jiƙansa, yana ƙaramin malami a jami'a. Karatunsa lissafi ne, amma na tsara aiki: yadda za a jera mutane a layi, ko a raba kaya a motoci, ba tare da ɓata lokaci ba. Ni dai firamare na yi, iyakar abin da na gane ke nan.

Shugaban sashensu ya ce masa in shekara ta ƙare bai kawo bincikensa ba, to ya nemi wani aikin. Da wannan damuwar muka zo hutu ƙauyensu, can wajen Kurawa. Rijiya ɗaya ta rage da ruwa a garin, mata kan yini a bakinta. Kowa ya ga layin nan sai ya yi salati. Malam kuwa da ya gani sai na ga fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ga bincikena nan Allah ya kawo."

Namiji ba ya kutsawa cikin matan aure, balle akwai surukai a ciki. Don haka ya shimfiɗa buzu a gindin wata aduwa, nesa kaɗan, ya ɗaura mini agogonsa a hannu, ya tura ni bakin rijiyar. Mace ta fara jan guga in ɗaga hannu, ta gama in sauke, shi kuma ya rubuta. Sati uku muna haka. Ban taɓa jin na isa ba kamar lokacin. Ko ba a tambaye ni ƙarfe nawa ba sai na faɗa.

Taubashiyarsa, ɗiyar kawunsa, ba ta wuce shi sai ta tsokana.

"Mai aduwa, mi kaka rubutawa? Halan mata kaka ƙirga, ka zaɓi ta biyu?"

"Wahala za ni rage muku," in ji shi.

"To rage mani tulun ga, ɗauka ka kai gida."

Da ya gama lissafi sai ya je wurin maigari. Ya ce mata suna ɓata lokaci da hira tsakanin guga da guga, kuma mai garwa biyu tana tsare masu ƙananan tuluna. Magani shi ne a daina hira, mai ƙaramin mazubi ta fara. Maigari ya ce tunda ɗan boko ya faɗa, a gwada. Aka yi shela.

Washegari ban ga tulu ko ɗaya ba. Wata ta zo da buta, wata da ƙwaryar fura, wata da kwanon sha. Taubashiyar nan ludayi ta riƙo, ta wuce gaban kowa tana rangaji, ta ce doka ce. Kowace ta cika sai ta ruga gida ta juye ta dawo. Guga bai huta ba. Ni kuwa ina ta ɗaga hannu ina saukewa kamar mai korar tsuntsaye a gona, Malam yana ta murmushi don layi yana gudu.

Kafin hantsi ya dubi ludayi guga ya fara fitowa da laka. Ranar nan da ruwan taɓo aka yi tuwo a garin, wasu gidajen ma ba su ɗora tukunya ba. Dariya ta ƙare.

Inna, mahaifiyarsa, ba ta kiran sunansa don shi ne ɗan fari. Ta tako har gindin aduwa da sandarta.

"Kai wanga, sati nawa kay yi nan?"

"Ukku, Inna."

"Ka leƙa rijiyar?"

Ya girgiza kai.

"Ba mu ka jinkiri ba, rijiya ka jinkiri. In anka ɗebi guga goma sai a bar ta ta tara. Hirar da kag gani, jiran ruwa ce. So kake mu tsaya shiru kamar masu zaman makoki?"

Sai ta juyo kaina. "Ke kuma da kike bakin rijiyar, agogo ya rufe miki ido?"

Gaskiya na san ruwan tsatsowa yake a hankali, kowace mace ta sani. Na ɗauka mai littattafai cike da akwati ba zai rasa sanin wannan ba.

Da la'asar, bayan mata sun watse, Malam ya tafi ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ya daɗe yana kallon ƙasanta. Ya ɗaura dutse a igiya yana auna yadda ruwan yake taruwa. Da kansa ya koma wurin maigari ya ce a janye shela, ya kuma bi gidajen da ba a yi girki ba yana ba da haƙuri. Sannan ya sake lissafin daga farko, wannan karon da hutun rijiya a ciki. Amsar da ya samu ba ta wuce abin da matan suke yi tun kaka da kakanni ba. Inna ta ce, "To, madalla da boko ta yarda da mu."

Wannan binciken ne ya tsare masa aikinsa. Ya koyar har furfura ta cika masa kai, ɗalibansa ma sun zama malamai.

Bara ya rasu. Littafin yana nan a akwatina, da Turanci, cike da lambobi, ban iya karanta shi ba. Nakan buɗe dai in rufe. Duk rayuwarsa a kan rage wa mutane jira ta tafi. Nawa jiran ne kawai bai bar mini lissafinsa ba.

Allah ya kai haske kabarinsa.