Mallam Yunus Mai Tada Mataccen Risho

Hantsi na ɗagawa Mallam Yunus zai sauka daga keke a bakin hanyar kasuwar shanu, jakar buhu a kafaɗa, ya buɗe 'yar rumfarsa. Sai ya share gabanta, ya cika tsohon baho da ruwa, ya shimfiɗa tsumma ya jera kayan aiki: filaya, guntun dalma, ƙyallen fatar akuya, da wasu siraran wayoyi da ba ya yarda kowa ya taɓa. Shekara arba'in da ɗoriya yana haka. Bana idanu sun fara gardama, 'ya'ya sun matsa masa, ya ce bayan Babbar Sallah zai rufe. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana jin ta da kunnensa.

Waɗanda suka buɗe ido suka ga gas ba su san risho mai famfo ba. Tankinsa na tagulla ne, ƙafa uku, ba ya da lagwani. Ka zuba kananzir, ka ɗumama kan, ka buga famfo, sai wuta shuɗiya ta tashi tana ruri har maƙwabci ya san ka ɗora shayi. Da shi fatake suka ci hanyar Kudu. Yau yawancinsu suna ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya yi gida a ciki, kuma a iya sanina mutum ɗaya ya rage a garin nan da ke iya tada su.

Abbas mai shayi ya ce mini bai taɓa ganin Mallam ya liƙe tanki da ka ba. Sai ya buga masa iska ya nutsa shi a baho, ya zuba ido yana jiran kumfa, ko da mai kayan zai bushe a tsaye. Hajaratu mai abinci ta Dogo Tebo kuma ta ce abin da ya sa take girmama shi guda ne: ba ya miƙa risho sai ya kunna shi a gaban fuskarsa tukuna. In zai fashe, ya fashe da shi, ba da matar wani ba.

Amma abin da na gani da idona shi ne na Bubayaro, maƙwabcina a Dogo Nini. Makiyayi ne da ciwo da ɓarayi suka cinye masa garke, ya shigo gari da mata da 'ya'ya mata huɗu, ba sana'a. Damina ta bara Alhaji Muhammadu Lawan, mai lodin shanu zuwa Kudu, ya yarda ya ɗauke shi cikin masu rakiyar mota, ya riƙa dafa musu abinci da shayi a hanya. Direba ya ce tukunyar gas ba za ta hau motarsa ba, icce kuma a jiƙe yake. Alhaji ya ce ya zo da rishonsa ranar Laraba, in babu, akwai wani mutumin Fika da ke jiran gurbin. Ranar Litinin aka yi wannan magana.

Bubayaro ya zaƙulo rishon mahaifinsa, baƙi ƙirin, famfo ya bushe, na raka shi rumfar. Mallam Yunus Babarbare ne, shi kuwa Bafulatani, ka san ba za a gaisa lafiya ba.

"Kai bawana, wannan risho ne ko ƙwaryar tatsa?" in ji Mallam, yana jujjuya shi.

"Gyara dai, Babarbare. Ubana ya je Ikko da shi lokacin kana koyon ɗaura wando."

Mallam ya kwance kan, ya ciro ɗan bakin da kananzir ke fesowa ta ciki, wani ƙanƙanin ƙarfe mai huda kamar silin gashi. Ya ɗaga shi sama ya leƙa. Nan dariyarsa ta ɗauke.

"Da me ka soki wannan?"

"A toshe na same shi. Na sa basilla."

"Basilla! Ta ɗinkin buhu?" Mallam ya dafe kai. "Ka buɗe masa baki ke nan. In ka kunna shi haka, jar wuta za ta tashi ta lashe maka gemu. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a sake. Rabon da in ga sabo irinsa a kasuwa, shekara goma sha wani abu."

Ban taɓa ganin fuskar namiji ta faɗi haka ba. Bubayaro ya tsuguna ya ce a hankali, "Mallam, yara huɗu ne a gida." Sai Mallam ya ce ya bar rishon, ya dawo Laraba da safe.

Talata na biyo ta wurin, don ni ma ban yi barcin kirki ba. Na tarar ya yanko fatar akuya ya zagaye ta daidai bakin famfo, ya jiƙa ta da man shanu har ta yi laushi. Tankin ya ba da kumfa wuri biyu, ya ɗiga musu dalma. Ya gasa kan a garwashi ya kakkaɓe baƙin da ya daskare a ciki, ya goge tagullar da tsamiya da toka sai ga ta tana walƙiya. Lotsewar da ke gefe kuwa ya bar ta. Ya ce sawun tafiyar tsohon ne, ba shi ya yi ba, ba shi zai share ba. Na tambaye shi ɗan bakin fa? Ya ce in je in yi harkar gabana.

Laraba Bubayaro ya zo tun kafin a buɗe rumfa. Mallam ya ɗumama kan, ya sunkuya, ya buga famfo sau biyar. Wuta ta tashi shuɗiya shar, tana ruri. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Bubayaro ya rungumi rishon yana zafi, ya nufi motar da gudu, Mallam na bin sa da ihu: "Ka sake sa masa basilla, ni zan ɗinke maka baki da ita!"

Sai bayan wata biyu Murjanatu, 'yar Mallam, ta faɗa mini inda ɗan bakin ya fito. A gida yana da risho guda, wanda maigidansa da ya koya masa aiki ya bar masa. Kullum bayan asuba da kansa yake kunna shi ya dafa shayinsa, ko matarsa ba ta taɓa shi. Ɗan bakin wannan rishon nasa ya cire ya sa wa na Bubayaro. Tun ranar rishon yana kan kanta a mace, dattijo yana jiran garwashi kamar kowa.

Mallam Yunus, kai ne gwanin da ba a sa wa suna a allo ba. Kai ne ka riƙe sana'ar da kowa ya ce ta mutu, ka riƙe ta da tsabta, ba ka taɓa miƙa wa mutum abin da zai ƙone shi ba. Ina alfahari da cewa garinmu ɗaya. Mun gode, Allah Ya ƙara wa idanun nan haske, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu sana'ar hannu na Potiskum, makanikai da masu walda da masu gyaran waya, ku je ku zauna da shi kafin Sallah, ku ga yadda ake gwada aiki a kan fuskar kai kafin a ba mai shi.

Bubayaro yanzu ya yi zuwa Kudu ya fi sau ashirin, 'ya'yansa biyu sun koma makaranta. Bai san maganar ɗan bakin ba sai shekaranjiya, da na karanta masa rubutun nan a ƙofar gida. Ya ja bakin rawani ya goge ido.

"Babarbaren nan ya gama da ni," in ji shi. "To yanzu da wane baki zan ƙara ce masa bawana?"