Daddawata Ta Shiga Leda

Ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In kun ga maganar ta karkace, kuka ne ya karkatar da ita, don tun rasuwar maigidana Malam hawayena ba su da nisa.

A Dosara aka kai ni aure, can na koyi daddawa wurin uwar mijina. Da zama ya gagara a ƙauye muka gudo Talata Mafara, gidan babban ɗana. Malam bai daɗe ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Da na fita takaba sai na ɗora tukunyar kalwa, don hannuna ya samu abin yi.

Daddawa ba ta ɓuya. Ranar da na buɗe kwando warinta ya tsallake katanga, matan unguwa suka fara sallama. Wata ta zo saye ta tarar ina wanke kalwa, ta naɗe hannun riga ta taya ni. Wata tsohuwa 'yar Maradun, ita ma gudu ya kawo ta, kullum sai ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.

"Yau kam ba ta ruɓa ba," in ji ta.

"Bakinki ne ya tsufa, ƙawa. Aje mini abina."

"In kin yi gyara na ɗauka."

Sai in ƙara mata curi ɗaya, ta zauna har la'asar muna zancen gonakin da muka baro. Da wannan hayaniyar nake cinye yini.

Ɗana yana koyarwa a makaranta. Wata rana ya shigo da littafi kan yadda ake bunƙasa sana'a, ya zauna bakin tabarmata yana fassara mini. Ya ce littafin ya ce a tsayar da farashi ɗaya, gyara asara ce. Ya ce a kai kaya inda masu saye suke da yawa. Abin da ya fi jaddadawa shi ne, sana'a mai kyau tana tafiya ko mai ita ba ya wurin.

"Inna, kin tsufa da ciniki," ya ce. "Ki yi daddawar kawai, ni zan ji da sauran. Ki huta."

Tausayina yake ji, na sani. Na ce to.

Ya sayo leda da ɗan injin liƙe baki. Ya daidaita da wani mai shago a bakin kasuwa, duk abin da na yi can ake kaiwa. Littafin bai yi ƙarya ba. Daddawa ta karɓu, har 'yan Bakura suna sara su tafi da ita. Na ɗinka zannuwa, na sayi tunkiya. Mata kuwa in sun yi sallama sai in ce babu, tana shago. Suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka daina. Matar ɗana tana fita aiki da safe, yara suna makaranta. Ni da tukunya muke yini, in ta tafasa in ji kamar magana za ta yi mini.

Na kasa faɗa wa ɗana. Mutum ya ɗauke miki wahala, ki ce masa wahalar kike so?

Wata Talata na yafa mayafi na tafi shagon da kaina. Mai shago ya gaishe ni da girmamawa, ya ba ni benci. Na zauna ina kallon mutane suna ɗaukar ledata, su biya, su wuce, ba wanda ya shinshina. Can sai ga ƙawata 'yar Maradun. Muka gaisa, ta tambayi jiki, na tambayi mutanen gida.

"Ba ki ɗanɗana ba," na ce mata.

Ta juya ledar a hannunta. "To ta ina, ƙawa? An liƙe."

"Zauna mana, ga wuri."

"Mai babur na jirana. Sai na leƙo."

Na bi ta da ido har ta hau. Mai shago ya ce ko a kira mini abin hawa, rana ta yi zafi. Na ce ya bar ni in ɗan ƙara zama.