Ƙahon Barewar Tsoho Hatanaka

Kullum da safe Tsoho Hatanaka kan buɗe shagonsa a wani lungun Kyoto, ya sha koren shayi, sannan ya zaro tsuba daga aljihu, wato faifan ƙarfen nan da ke tare hannu a ƙotar takobi. Da guntun ƙahon barewa yake kankare jar tsatsa, ya bar baƙin da shekaru suka shafa. Daga shagon da ke kallon nasa, Morioka na leƙe, ƙyashi na cinsa. Gun maigida ɗaya suka koyi aikin, amma masu tara kayan tarihi sai su gaishe da Morioka su wuce tsallake. Burin Morioka ɗaya a duniya, Hatanaka ya buɗi baki ya ce shi ma gwani ne.

Mutanen lungun ba su manta matar da ta dirje tsubar marigayi mijinta har ta yi ƙyalli kamar cokali ba. Morioka ya ce ƙarfen ya mutu. Hatanaka ya naɗe tsubar a tsumma, ya yi ta yawo da ita yana murzawa har baƙin ya dawo. Ranar, ko shinkafa Morioka bai iya haɗiya ba.

Kai ne mai dafa dutse, Hatanaka. Ba ka taɓa sa sunanka a jikin ƙarfe ba, ga shi ka hana maƙwabci barci.

Bana tsufa ya sa hannun Hatanaka ya soma rawa. Ranar da zai rufe shago ya bar sana'a, ya tsallako titi, ya ajiye wa Morioka ƙahon da wata tsuba da bai ƙarasa ba.

"Duk garin nan ka rasa wanda za ka yi wa dariya sai ni?" in ji Morioka.

"Kai dai ka cika mita. Wa kuma zan ba? Sauran ai maƙera ne kawai."

Morioka ya ɗauki ƙahon, daɗi da haushi suka cakuɗe masa. Yatsun tsohon sun ci gurbi a jiki, nasa kuwa suka ƙi zama daidai.

Mun gode, Tsoho Hatanaka. Masu sana'a, ku yi aikin da zai sa abokin hamayya ya riƙa leƙe. Morioka dai yana nan yana murza tsubar, yana ƙorafin ƙahon ya yi masa yawa, amma ko taɓawa bai yarda wani ya yi ba.