Ƙaiƙayin da na hure a gidan Kawu

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, na san akwai damina guda da zai bar mini. Ita ce daminar da kawuna ya ba ni amanar irin furanni, na kusa hallaka shi da hannuna, na kuma ɗora ƙarya a kai. Shekaru sun ja, amma duk sa'ad da na tuna, kunya ce ke fara zuwa, sannan ajiyar zuciya ta biyo baya.

Ni manomi ne a Bande. Gero, dawa, wake da ƴar gyaɗa, su na sani. Lekwal kuwa, wato makarantar boko, a aji biyar na tsaya, kuma ba wanda ya kore ni, ni na gudu. Kawu, yayan mahaifiyata, mushen lekwal ne, wato malamin makaranta, da ya ajiye aiki. A gidansa na zauna a Magarya lokacin karatun nan nawa da bai yi nisa ba, kuma matarsa, wadda muke ce wa Inna, ita ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Inna mace ce mai son furanni. Duk garin da aiki ya kai su sai ta samo iri, ta shanya, ta ƙulle a tsumma. Tsakar gidanta da damina ja ne da ruwan ɗorawa da ruwan goro ko'ina. Ni dai tun ina yaro ban ga amfanin abin ba. Shukar da ba a ci, ba a ba dabba, ba a sa wa miya, ina ruwana da ita?

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, Kawu ya dawo Bande da zama shi kaɗai. Cutar yana ta rufe masa ido har ya daina gane fuska sai murya. Damina biyu ta wuce bai shuka komai ba. Ana gab da ta uku babban ɗansa ya shirya masa aikin ido a Damagaram. Ranar da zai tafi ya kira ni, ya lalubo ƙulli biyu daga ƙasan akwatinsa, ɗaya a jan tsumma, ɗaya a fari.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan shi ne ƙarshen irin Innarka. Babu wani a ko'ina. In daminar bana ta wuce bai shiga ƙasa ba, ya mutu. Jan na rana ne, ka barbaɗa shi a fili gefen katanga. Farin na inuwa ne, ƙarƙashin mangwaron nan. Kada ka haɗa su, kuma kada ka binne. Ka yayyafa musu ƙasa kaɗan, kamar yadda ake sa gishiri a miya."

Na ce, "To, Kawu."

"Ka ji ni kuwa? Wannan 'to' ɗin naka na san shi tun kana aji uku."

"Na ji, Kawu, wallahi na ji."

Sannan ya ce, "In Allah ya buɗe mini idon nan, su nake so in fara gani."

Ina karɓar ƙullin ina cewa a raina, mutumin da ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu ne zai koya mini shuka? Wannan girman kai shi ne farkon laifina.

Ruwan shuka ya sauka bayan mako guda. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san safiyar da ta biyo bayan ruwan farko: ba mai tsayawa gaisuwa, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona kafin laima ta gudu. Na ce bari in biya ta gidan Kawu in sauke wannan nauyin in wuce. Na buɗe ƙofa, na ɗauki faifai, na tsaya a bakin inuwar mangwaro. Na kwance jan ƙulli, na ga wani abu kamar buntu, sirara-sirara, busassun fure duk a cakuɗe. Na kwance farin, na ga ƴan ƙwayoyi ƙanana. Na ce wa kaina iri dai iri ne, na juye su wuri ɗaya.

Sai na yi abin da hannuna ya saba. Manomi ba ya shuka ƙaiƙayi. Na girgiza faifai, na ɗaga, na hure, na sake girgizawa na sake hurewa, iska tana kwashe buntun tana watsawa tsakar gida. Abin da ya rage a faifai bai cika tafin hannu ba, ƴan ƙwayoyi baƙaƙe masu ɗan nauyi. Har na ji daɗi, wai na gyara wa Kawu irinsa. Na sara ramuka da sungumi layi uku, zurfin da nake yi wa gero, na zuba, na take da dunduniya. Na kulle gida na tafi gonata. Duk aikin bai kai tsawon shan fura ba.

Kwana goma bayan haka Kawu ya kira ni a waya. An yi masa aikin ido ɗaya, yana ɗaure.

"Sun fito?"

Ban ko leƙa gidan ba tun ranar. Na ce, "Sun fito, Kawu, kore shar."

"Alhamdu lillahi. Na inuwar fa?"

"Su ma haka."

Na ji yana gaya wa wani a gefensa cikin murna. Wannan ita ce ƙaryar da har yau ta fi ci mini rai, domin ban yi ta da wahala ba, fitowa kawai ta yi.

Da na gama noman farko na je. Na tsaya a kan layukan nan uku, babu ko tsiro ɗaya. Na tona da yatsa, na tarar da ƙasa kawai. Sauran tsakar gidan kuwa ciyawa ta fara rufe shi, ban ko dube ta ba. Ranar kasuwar Magarya na hau mota na je wurin masu sayar da iri, na tambayi wani dattijo ko yana da irin fure.

Ya ce, "Irin me?"

"Fure. Na ado."

Ya juya ga maƙwabcinsa ya ce, "Kai, zo ka ji. Mutane na neman wake mai saurin nuna, wannan bawan Allah fure zai ci bana." Suka yi ta dariya. Ya ce, "Ga yakuwa nan, ita ma tana fure, kuma ka sha miya."

Ban ji haushinsa ba, don maganar da na sha faɗa ce ya maido mini. Ko da ma na samu, ai ba na Inna ba ne. Na dawo gida jiki a sanyaye. Sau biyu Kawu ya sake kira, sau biyu na sake cewa lafiya lau suke.

Sai ɗansa ya aiko cewa an kusa yin ido na biyu, a gyara gida. Na ce wa raina, tunda furanni babu, aƙalla ya tarar da tsakar gida a share. Na ɗauki hauya, matata ta ɗauki tsintsiya don ta gyara ɗakuna. Ita ban gaya mata komai ba, amma ta lura kwanakin nan tuwo ba ya wuce mini. Ciyawa ta kai gwiwa. Na fara daga bakin ƙofa, na share kamar taki biyar, sai na ji muryar matata daga bayana.

"Malam, tsaya! Tsaya, don Allah!"

Na zaci maciji ta gani. Ta sunkuya ta ɗauki wani ganye daga cikin abin da na sare, ta murje shi a yatsa, ta kai hanci. Ta miƙo mini.

"Shinshina."

Wani wari ne mai ƙarfi, ba daɗi ba kuma ba ɗoyi ba. Kafin in gane shi da kai, zuciyata ta gane shi. Tsakar gidan Inna ne a Magarya, ina zaune ina cin ɗumame kafin in tafi lekwal.

Ta ce, "Shekara nawa ina tsinkar ganyen miya, na san rukuɓu, na san tafasa, na san ƙarangiya. Wannan ba ciyawa ba ce. Furen Inna ne, mai ruwan goro. Ga wani can mai faɗin ganye, ga wani mai ganye kamar gashi. Kai da ka shuka su, ba ka san su ba?"

Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, har da faifai. Ta riƙe haɓa tana kallona.

"Ka sheƙe shi? Kamar gero?"

"Kamar gero."

"To, abin da ka hure ɗin shi ne irin, Malam. Haka yake, kamar buntu. Kai dai Allah ya rufa maka asiri da iska." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ƙwace hauyar ta jingine ta a bayan ɗaki. "Wannan ba za ta sake shiga nan ba."

Kwana uku muka yi muna cire ciyawa da hannu, a durƙushe, ita tana nuna mini wanda zan bari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suka raba kansu. Waɗanda iska ta kai fili gefen katanga sun yi ƙarfi sun yi kauri. Ƴan uwansu da suka faɗa cikin inuwa sun yi tsawo a banza, sirara, muka cire su da ƙasarsu muka maida su rana. A gindin mangwaro kuwa, daidai inda na tsaya ina girgiza faifai, muka sami tsiro tara masu kara ruwa-ruwa, daga ƙwayoyin da suka zube mini ban sani ba. Na inuwar ke nan. Tara kawai, na ƙirga su ya fi sau goma. Tun daga ranar kullum sai na biya kafin in tafi gona, in ruwa ya yi jinkiri in ɗebo daga rijiya in yayyafa musu.

Aikin ido na biyu ya ja lokaci, kuma jinkirin ya yi mini rana. Ranar da Kawu ya sauka daga mota da la'asar, da baƙin tabarau a fuskarsa, gefen katanga ya riga ya kama da launi. Ya shiga, ya tsaya, ya cire tabarau a hankali. Ya ƙura wa furannin ido. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, ya je gindin mangwaro ya durƙusa.

Da na yi shiru, da ya shi mini albarka an wuce wurin. Amma na gaji da ɗaukar abin. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Kawu, ba ni na shuka su ba. Ni zubar da su na yi." Na faɗa masa duka, da haɗa ƙullin, da sungumi, da ƙaryar waya sau uku.

Ya ce, "Daga baya na gane ƙarya ka yi tun kiran farko. Ka ce kore shar a kwana goma. Kuma da ka gan su da ka yi mini ƙorafin ciyawa." Ya duba gefen katanga. "Akwai wani ja mai kama da zankon zakara. Ban gan shi ba."

Matata ta sunkuyar da kai. Na ce, "Yana cikin waɗanda na binne, Kawu."

"Shi Innarka ta fi so," in ji shi. Na rasa inda zan sa fuskata. Can ya dafa kafaɗata ya miƙe. "To, ya bi ta. Sauran sun tsaya mana. Tashi, ɗan nan, na yafe. Amma bana kai za ka tara irin, ina zaune ina kallonka, yanzu ina da ido."

Haka aka yi. Da kaka na tsinke busassun kawunan, na ƙulle na rana a jan tsumma, na inuwa a fari, ban hure ko ɗaya ba. Yau suna gidan Kawu, suna gidana, suna gidaje da dama a unguwarmu. Jan nan mai zanko kuwa ban sake ganin irinsa ba, kuma na san dalili.

Abin da na koya shi ne, sanin da nake taƙama da shi iyakarsa gonata. Abin da na tabbata iri ne na binne shi ya mutu, abin da na raina na hure shi ne ya rayu, kuma ba da dabarata ba. Tun daga lokacin, in mutum ya ba ni amana ya ce ga yadda zan yi, ba na cewa "to" sai na ji har ƙarshe. In kuma aka tambaye ni abin da ban gani ba, sai in ce ban je ba tukuna.